Me Ya Sa Uwarsa Ba Ta Fita Nemansa Ba?

Labarin farko da na rubuta wa 'yata bai cika shafi biyu ba. Tana da shekara huɗu a lokacin, kuma ta ɗauki wani hali na sulalewa waje da zarar ta ga ƙofa a buɗe. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi barazana, duk a banza. Sai na ce bari in yi mata hannunka mai sanda. Na zauna na ƙirƙiri wani ɗan akuya mai taurin kai, wanda uwarsa ta hana shi fita da yamma, ya ƙi ji. Ya fita, dare ya rufa, hadari ya taso, ya kwana a gindin bishiya yana makyarkyata, kukan kura na zuwa masa daga nesa. Da gari ya waye ya dawo gida sharkaf, ya yi nadama, ya ce daga yau ba zai sake saɓa wa uwarsa ba. Na karanta mata da daddare, na kai ƙarshe, ina jiran in ga alamar saƙona ya isa. Ta yi shiru tana murza gefen bargo da yatsunta. Can ta ɗago ta ce, "Umma, me ya sa uwarsa ba ta fita nemansa ba?"

Na rasa abin cewa. A duk tsawon rubutun ban ba uwar akuyar aikin komai ba, illa ta yi hani a farko ta karɓi tuba a ƙarshe. Ni na rubuta labarin yaron da ba ya jin magana, ita kuwa ta ji labarin uwar da ɗanta ya ɓace ta kwanta ta yi barcinta. A daren nan sai da ta riƙe hannuna gam kafin barci ya ɗauke ta. Fita kuma ba ta fasa ba.

Yau ta kai shekara shida, ƙanenta yana da uku, kuma na rubuta musu labarai da dama tun daga lokacin, wasu na yaga, wasu suna nan. Abin da na lura shi ne, matsalar mai rubuta wa yara da matsalar mai renonsu guda ce. Mu manya muna auna magana da niyyar da muka faɗe ta da ita. Yaro yana auna ta da abin da ya fi damunsa, kuma abin da ya fi damun ɗan shekara huɗu a duniya shi ne: idan na yi kuka, wa zai zo?

Ba na zargin iyaye da malaman da ke rubuta irin labarin da na rubuta. Wa'azin nan daga tsoro yake fitowa. Ka ga ɗanka ya tunkari titi, ko yana miƙa hannu ga tukunya a kan wuta, gabanka ya faɗi, sai ka ji kana so ka juye masa duk abin da ka sani lokaci guda, tun kafin duniya ta koya masa da zafi. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne. Sai dai masu iya magana ba su faɗi yadda ake kama iccen ba, ga shi ɗanyen reshe ma yana tsagewa idan aka murɗe shi da ƙarfi.

Akwai wani gwaji da ya daɗe yana yi mini yawo a rai. A shekarar 2014 Kang Lee na Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada, tare da Victoria Talwar ta Jami'ar McGill da wasu abokan aikinsu, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi da yara 'yan shekara 3 zuwa 7. Ana zaunar da yaro ya ba tebur baya, a ɗora abin wasa mai ƙara, a ce ya canki ko mene ne daga jin sautinsa. Ana cikin wasan sai mai gwajin ta ce za ta fita ta dawo, ta ja masa kunne kada ya waiwaya. Kyamara tana ɓoye tana ɗauka. Mafi yawan yaran suna waiwayawa, kamar yadda kowace uwa za ta yi tsammani. Idan ta dawo sai ta karanta masa labari guda, sannan ta tambaye shi ko ya leƙa.

Labaran sanannu ne a Turai da Amurka. Ɗaya na yaron makiyayi ne da ya riƙa ihun ƙarya cewa kyarkeci ya zo, har ranar da ya zo da gaske babu wanda ya kawo masa ɗauki. Ɗaya na ɗan yaron katako ne da hancinsa ke ƙara tsawo duk lokacin da ya yi ƙarya. Na uku labari ne da ake jingina wa George Washington, shugaban Amurka na farko, cewa yana yaro ya sari wata bishiya ta mahaifinsa, da aka tambaye shi ya amsa laifinsa, uban kuwa ya nuna masa cewa gaskiyar da ya faɗa ta fi masa bishiyar daraja. An kuma sa labarin tseren zomo da kunkuru, wanda babu ruwansa da zancen ƙarya, domin a gwada sauran da shi. Labarai biyun farko, waɗanda aka yi shekara da shekaru ana tsorata yara da su, ba su sa yaran sun faɗi gaskiya fiye da waɗanda suka ji na zomo da kunkuru ba. Na Washington kaɗai ya yi tasiri. Da masu binciken suka sauya shi, suka karkatar da shi kan sharrin ƙarya da sakamakonta maimakon yabon gaskiya, sai tasirin ya ɓace.

Ka sa kanka a matsayin yaron. Minti biyu da suka wuce ka aikata abin da aka hana ka, zuciyarka na dukan uku-uku, sai ga babba yana ba ka labarin yadda mai laifi ya ƙare. Abin da za ka koya shi ne ka ƙara kame bakinka. Labarin Washington ya bambanta ne saboda ya nuna wa mai laifi ƙofar fita: ga yaro kamarka, ya yi ɓarna, ya faɗa, kuma ubansa bai juya masa baya ba.

Na ga wannan da idona a bangon ɗakinmu. Wata rana na tarar an zana rana da mutum uku da jan fensir, tun daga ƙasa har iyakar inda hannun 'yar shekara biyar ke kaiwa. Na ɗaga murya na ce, "Wa ya yi wannan?" Ta dubi ƙanenta, wanda a lokacin ko riƙon fensir bai iya ba. Na ga ƙaryar tana haɗuwa a bakinta, kuma muryata ce ke haɗa ta. Sai na durƙusa, na sassauta, na ce, "Idan aka faɗa mini gaskiya zan ji daɗi, sai mu wanke tare." Ta jima tana kallon ƙafafunta, sannan ta nuna mutumin da ya fi tsawo a zanen ta ce, "Wannan ke ce." Mun wanke bangon, ita ta riƙe soson.

Wani zai ce, to a daina gargaɗi ke nan? Ai yaro bai san wuta ba sai ta ƙone shi, kuma babu uwar da za ta zuba ido ta jira ƙunar. Gargaɗi yana da muhallinsa, kuma gajere ne, kai tsaye: tsaya, kada ka taɓa, riƙe hannuna. A bakin titi ake yin sa, ba a kan gado da daddare ba. Labari wani aiki yake yi, mai tafiya a hankali. Yana ba yaro dama ya shiga rigar wani na ɗan lokaci, ya ji tsoron wani, ya ji kunyar wani, ya fito lafiya. Idan aka ɗora masa nauyin tsawatarwa, yaro yakan gane da wuri cewa da shi ake, daga nan sai ya daina bin ɗan akuya, ya koma kare kansa. Jimlar nan ta ƙarshe da muke so, "saboda haka yara ku riƙa jin magana", kunnen da aka riga aka toshe take tararwa.

Wani ɓangare na tazarar da ke tsakaninmu da yara kuma ba na tsoro ba ne, na shekaru ne. A 1983 wasu masana 'yan ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka riƙa nuna wa yara wani ɗan wasa da 'yan tsana. Yaro mai suna Maxi ya ajiye cakulan a wani kabad ya fita wasa. Bayan fitarsa uwarsa ta ɗauke ta mayar wani kabad dabam. Sai a tambayi mai kallo: idan Maxi ya dawo, ina zai duba? 'Yan shekara 3 galibi sabon wurin suke nunawa, domin su sun san inda abin yake, kuma ba su kai ga raba abin da suka sani da abin da wani ya sani ba. Sai wajen shekara 4 zuwa 5 yara ke fara cewa zai duba inda ya ajiye. Ga marubuci wannan babban al'amari ne. Duk labarin da daɗinsa ya dogara a kan wani ya yi wa wani wayo, ko a kan mai sauraro ya san abin da jarumin bai sani ba, yana wuce ɗan shekara uku ta sama. Zai yi dariya idan mugu ya faɗa rami, amma faɗuwar ce ta ba shi dariya, dabarar da ta kai shi ramin ba ta dame shi ba. Nadamar ɗan akuyana ma haka take. Kafin mutum ya ce "da na sani", sai ya riƙe abin da ya faru a hannu ɗaya, abin da zai iya faruwa a ɗaya hannun, ya gwada su. Na nemi wannan daga yarinyar da hankalinta yake kan sanyi da duhu da rashin uwa.

Ƙanen nata wani abu dabam ya koya mini. Akwai wani ɗan littafi na agwagwa da 'ya'yanta, bangonsa ya rabe har an liƙe shi da gam. Kusan wata biyu bai yarda a karanta masa wani ba. Idan gajiya ta sa na tsallake jimla, sai ya dafe shafin da tafin hannunsa ya ce, "A'a, Umma, ba haka ba ne." Na sayo sababbi masu kyau, ya ture su. Na fara tunanin ko ina cutarsa da na biye masa.

Jessica Horst ta Jami'ar Sussex a Ingila da abokan aikinta sun gwada wannan a 2011. Sun rubuta labarai suka saka musu ƙirƙirarrun sunaye na wasu kayayyakin da yara ba su taɓa gani ba, suka riƙa karanta wa 'yan shekara 3 cikin mako guda. Rukuni ɗaya ana karanta musu labari guda sau uku a kowane zama, ɗaya rukunin kuma labarai uku mabambanta. Adadin jin sababbin kalmomin daidai yake ga kowa. Waɗanda aka maimaita wa labari ɗaya su suka fi koyon kalmomin, su suka fi riƙe su bayan kwanaki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa bin baƙuwar hanya: a tafiyar farko idonka yana kan inda za ka sa ƙafa, sai ka saba da ita sannan za ka fara ganin abin da ke gefe. A ji na farko yaro yana bin abin da ya faru. A na goma yana jiran kalmar da ya sani domin ya riga ka faɗa, kuma wannan rigen nasara ce babba ga mutumin da kusan komai na rayuwarsa wasu ne ke yanke masa.

Wannan ya sauya mini yadda nake auna rubutuna. Labarin yara ba karatu ɗaya ake yi masa ba, sai ya jure na arba'in. Kuma masu karatunsa biyu ne: mai ido a kan hoto, da mai murya, wanda sau da yawa a gajiye yake, ya wuni yana aiki, barci na fizgarsa. Jimlar da ta harɗe harshen wannan mutumin sau ɗaya za ta harɗe shi kullum, har ya ɓoye littafin. Shi ya sa ba na yarda da layi sai na faɗe shi a fili sau da yawa, ina tafiya a ɗaki, ina jin inda numfashi ke yankewa. Harshenmu kuwa ya yi wa marubucin yara gata. Kwaɗo ya faɗa ruwa tsundum, ɓera ya shige rami zuruf, tsuntsu ya tashi fir, ƙato ya faɗi tim. Kalma guda ta ɗauke aikin jimla uku, kuma ita ce yaro zai tashi da ita gobe da safe. Babbar kalma ma ba abin gudu ba ce, idan labarin ya ɗauke ta a kafaɗa. "Makyarkyata" daga wurin ɗan akuya 'yata ta koya, ba tare da na tsaya yi mata bayani ba.

Sai batun hoto, inda mu masu son rubutu muke yawan yin kuskure. A 2005 Mary Ann Evans da Jean Saint-Aubin a Kanada suka yi amfani da na'urar bin motsin ido domin ganin inda yara 'yan shekara 4 zuwa 5 ke kallo idan ana karanta musu littafi. Da ƙyar idonsu ke sauka a kan rubutu. Kusan duk lokacin a kan zane yake. Ma'ana, kunne yana karɓar labari ɗaya, ido yana karɓar wani, yaron ne ke ɗinke su. Idan zane ya nuna jar riga, rubuta "ta sa jar riga" asarar numfashi ce. Gara kalma ta ce "babu kowa a ɗakin", zane kuma ya nuna jela ta leƙo daga ƙarƙashin gado, a bar yaro ya yi ihun gano abin da babba bai faɗa ba. Littafin hoto galibi shafi 32 ne, saboda a maɗaba'a manyan takardu ake ninkewa su ba da shafi 8 ko 16. Idan aka cire shafukan suna da na bayanin bugu, abin da ya rage wa labari buɗewa 12 ne zuwa 14, kowace buɗewa shafi biyu masu kallon juna. Kowace juyawar shafi tambaya ce da ƙaramin hannu ke amsawa, don haka inda ka yanke jimla ya kai jimlar kanta muhimmanci.

Gurbin da ake bari ma aiki yake yi. A 1988 Grover Whitehurst da abokan aikinsa a jami'ar Stony Brook ta jihar New York suka koya wa iyayen yara 'yan kimanin shekara 2 su riƙa tsayawa a tsakiyar karatu suna tambaya, "me yake yi a nan?", su saurari amsa, su ƙara mata kalma ɗaya ko biyu. Bayan wata guda 'ya'yansu sun fi takwarorinsu iya furta abin da ke ransu. Littafin da ya cika kowace kafa da bayani ya hana wannan hirar wurin zama.

Tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce ta abin tsoro: a cire kura ne? Ni ban cire ba. Yara sun riga sun san tsoro tun kafin mu ba shi suna. Suna jin sa idan aka kashe fitila, suna jin sa idan muryoyin manya suka sauya a ɗaya ɗakin. Labarin da babu duhu a cikinsa ƙarya yake yi musu, kuma suna ganewa. Abin lura shi ne irin tsoron. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da tarin tatsuniyoyinsu a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. A bugun farko, cikin labarin wa da ƙanwar da aka yar a daji, uwar da ta haife su ce ta matsa a yar da su. Daga baya aka mayar da ita matar uba. Mayyar da ke cikin dajin da tandunta kuwa ba a taɓa su ba. Gyaran ya ɗora wa matan uba kayan da har yau ba su sauke ba, kuma wannan zalunci ne ga mata da yawa da suka riƙe 'ya'yan wasu da amana. Amma ya nuna inda ciwon yake. Yaro zai iya jure dodo komai girman haƙoransa. Uwar da ba ta zo ba ita ce ba ya iya ɗauka.

Akwai kuma abin da nake taka-tsantsan da shi, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Mai rubutu da ke da ƙananan yara kullum littafinsa a buɗe yake, kowane kuka da kowace ɓarna kayan aiki ne. Amma fitsarin kwance da tsoron duhu da kishin ƙane sirrin yaro ne, kuma wata rana zai iya karatu. Abin da na san zai sa su sunkuyar da kai idan sun girma, ba na sa shi a takarda, ko da na lulluɓe shi da fatar akuya.

Kwanan baya na koma wa labarin farko. Ɗan akuya yana nan da taurin kansa, ya fita, hadari ya taso, kura tana kuka daga nesa. Na ƙara shafuka huɗu. Uwar ta ƙirga 'ya'yanta ta ga babu ɗaya, ta fita cikin ruwan. Ta leƙa bayan dutse: "Ina ɗana?" Babu shi. Ta leƙa cikin ciyawa: "Ina ɗana?" Babu shi. A gindin bishiya ta same shi, ta lashe masa ruwan jikinsa, suka koma. Na goge jimlar nadama gaba ɗaya. A shafin ƙarshe gari ya waye, ƙofa a buɗe, ɗan akuya ya dubi ƙofa, ya dubi uwarsa, ya jira ta tashi, suka fita tare. Zanen da hannuna na yi shi, da fensir ɗin da aka taɓa zana mini bango da shi.

Na karanta musu su biyun, ɗaya a kowace cinya. Tun uwar tana bayan dutse ƙaramin ya hango kunnen ɗan akuya a gefen shafi, ya miƙe yana dukan takardar yana cewa, "Ga shi can! Ga shi can!" Sai da muka maimaita sau uku. Babbar ba ta ce komai ba har na rufe. Ina gyara mata bargo ta ce, "Umma, kurar fa? Ita ma ɗanta take nema shi ya sa take kuka?" Na ce mata zan duba. Takardar tana kan tebur tun shekaranjiya, layi biyu na rubuta, kuma jiya da daddare ta sake tambaya ko kurar ta same shi.